Rubutu na Biyu: Yadda Masani Ke Kai Ga Rubuta Wa Jama'a Littafi

Wajen shekarar 1816 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili. A lokacin mazauninsa Bodinga ne, ɗan taƙi kaɗan daga Sifawa, inda wansa Shehu Usmanu ya yi shekaru yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Littafi ne na manyan malamai. A ƙarƙashin aya guda mai karatu zai iske saɓanin ƙira'o'i da li'irabi da balaga da maganganun mazhabobi, kuma da aka buga shi a Alƙahira a 1961, juzu'i huɗu ya ci. Bayan kamar shekara shida, yana Gwandu, sai Malam Abdullahi ya sake ɗaukar alƙalami ya rubuta wani tafsirin daban, Kifayatu Du'afa'is Sudan. A wannan karon ya tsaya a kan ƙira'ar Warshu, wadda yaran ƙasar nan ke karantawa a allo, ya tsaya a kan mazhabar Malikiyya, wadda alƙalai da limamai ke aiki da ita, ya bar sauran ga mai son faɗaɗawa. Malamin ɗaya ne, ilimin ma ɗaya, amma wanda ake rubuta wa ya sake.

Yau idan aka tayar da zancen malamin jami'a mai son rubuta littafin da kowa zai karanta, sai a ɗauka baƙuwar al'ada ce daga Amurka ko Ingila, inda farfesa kan sami dillali ya haɗa shi da babban kamfanin ɗab'i. Alhali a wannan yanki da ya taso daga Bodinga da Sifawa ya gangara Shagari da Mandera, an san matsalar fiye da shekara ɗari biyu, an kuma san maganinta. Masani ba ya isa ga jama'a da littafin da ya rubuta wa 'yan'uwansa masana, ko da ya rage masa shafuka. Sai ya sake zama ya yi rubutu na biyu tun daga fari, da wani mutum daban a gabansa.

Kifaya ma da Larabci take, saboda haka iyakarta ɗalibin da ya ɗan yi nisa a zaure. Manomi da makiyayi da matar da ke cikin gida sai da aka ƙara matsowa kusa da su. Shehu ya yi waƙoƙi da Fulatanci, an juya wasu zuwa Hausa, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da abin tsari. Ta iya rubuta wa malamai da Larabci, ta kuma yi. Amma abin da ta yi wa matan ƙauye da Fulatanci da Hausa ne, cikin waƙa mai sauƙin hadda, kuma ta san hannun da zai ɗauke shi. Jaji ce, dattijuwar da take naɗawa ta ba ta malfa, ita kuma ta jagoranci 'yan taru daga ƙauyensu zuwa wurinta, su koya, su koma su koyar. Nana ba ta rubuta ta ajiye tana jiran mai karatu ba. Tun tana rubutu ta san wa zai kai, ta kuma san cewa mafi yawan masu amfana da kunne za su karɓa.

Malamin jami'a na yau tarbiyyarsa ta rubutu daban ce. Tun daga digiri na farko har na uku, abin da ake koya masa kundi ne mai babi biyar: shimfiɗa, bitar ayyukan magabata, dabarun bincike, sakamako, kammalawa. Masu karanta shi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wato malamin da ke duba aikin da 'yan kwamiti da mai jarrabawa daga wata jami'a, kuma dukkansu aikinsu neman kuskure ne. Shi ya sa yake koyon rubutun kare kai. Kowace jimla sai ya jingina ta ga wani, kowane hukunci sai ya lulluɓe shi da "mai yiwuwa" da "ana iya cewa". Ba na raina wannan horo ko kaɗan. Shi ne ke raba bincike da hirar bakin titi, shi ne ke hana mutum faɗin abin da bai tabbatar ba. Sai dai wanda ya shekara goma yana rubutu don kada a kama shi da kuskure, zai sha wuya ranar da aka ce ya rubuta don a fahimce shi.

Bayan digiri sai tsanin ƙarin girma. Daga ƙaramin malami zuwa babban malami har farfesa, abin da kwamiti ke ƙirgawa maƙalu ne da aka buga a mujallun da masana ke tacewa, galibinsu da Ingilishi, kuma wadda ta fito a ƙasar waje ta fi nauyi a ma'auni. Ɗan littafi mai shafi tamanin da Hausa a kan yadda za a yaƙi ƙuduji a gona, ko a kan tarihin garuruwan ribaɗi, makinsa kaɗan ne idan ma an ba shi. Matashin malami mai iyali, ga ɗalibai ɗaruruwa, ga takardun jarrabawa jibge a ofis, idan ya sami sararin wata uku, lissafi zai ce masa ya rubuta maƙala biyu. Ba zan zarge shi ba. Wannan ne ya sa littafin jama'a na farko yakan zo a makare, sau da yawa sai mutum ya kai matakin da ba ya tsoron rasa wani.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sake mata suna Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988. Daga lokacin zuwa yau an tara kundaye masu ɗimbin yawa a kan ƙasar da ke kewaye da ita: jigawa da fadama, jar akuyar Sakkwato, cututtukan dabbobi, karin harshe, tarihin sarautu, waƙoƙin makaɗa. Kundin digiri kamar damin gero ne a rumbu. Arziki ne na gaske, amma ba mai cin sa a haka, sai an sussuka an sheƙe an surfa an niƙa an tuƙa. Wannan aiki na biyu shi ne ba mu ware wa lokaci ba, ba mu kuma yanka masa lada ba.

To, me ke sa masani ya yi shi duk da haka?

Dalilin da na fi girmamawa shi ne bashi. Duk wanda ya yi bincike a karkara ya ci bashin mutane. A ce masanin ƙasar noma ne ya je Mandera da damina. Zai fara da gaida mai gari, a haɗa shi da wanda zai zaga da shi gonaki, manoma su ajiye fartanya su amsa masa tambayoyi, a dama masa fura, ya ɗebi ƙasa a leda ya tafi. Ko masanin tarihi ya zauna gaban dattijo da rikoda, dattijon ya zazzage masa abin da ya ji daga bakin kakansa, ba tare da ya nemi ko kwabo ba. Shekara ta zagayo, ya dawo gaisuwa ko ta'aziyya, sai dattijon ya ce, "Malam, aikin nan da muka yi bara, me aka gano?" Amsar tana nan, amma da Ingilishi take, a cikin mujallar da wani lokaci sai an biya kuɗi ake buɗe ta a intanet. Zai yi ƙoƙarin bayani da baki a tsaitsaye, ya ji kalmomin suna kufce masa, domin bai taɓa tunanin abin da Hausa ba. Mai kunya ba ya jure wannan tambaya sau da yawa. A ganina daga irin wannan zama ne littafin jama'a na gaskiya yake samo asali.

Tarihin Daular Sakkwato kansa ya bi ta wannan hanya. Murray Last, Baturen Ingila, ya zauna a Sakkwato a farkon shekarun 1960 yana ɗaukar karatu wurin Waziri Junaidu, yana duba takardun gidan Waziri. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Ibadan a 1964, littafinsa The Sokoto Caliphate ya fito a 1967, ya zama abin da kowane ɗalibin tarihin yankin ke komawa gare shi. Amma jikokin mutanen da littafin ke magana a kansu, in ba wanda ya yi zurfi a boko ba, ba su sami karanta shi ba sai bayan shekaru masu yawa, da wasu malaman jami'a, ciki har da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, suka fassara shi da sunan Daular Sakkwato. Shi kuwa Waziri Junaidu, tun a shekarun 1950 ya riga ya ba mai karatun Hausa nasa kason. Rubuce-rubucensa da Larabci suna da yawa, amma Tarihin Fulani da aka buga a Zariya da Hausar boko shi ne malamin elemantare da ma'aikacin En'e suka iya riƙewa su karanta. Haka Alhaji Haliru Binji ya ɗauko fiƙihun da ake shekaru ana karantawa a zaure, ya shimfiɗa shi da Hausa a Ibada da Hukunci.

Wani kuma aji ne ke tura shi. A 1948 wani matashin malami ɗan garin Shagari, mai shekara 23, yana koyarwa a Midil ta Sakkwato, ya tsara Waƙar Nijeriya. Alhaji Shehu Shagari ke nan, shekara 31 kafin ya zama shugaban ƙasa. Ba malamin jami'a ba ne, a lokacin ma babu jami'a a Arewa, amma matsalarsa irin tasu ce. Yana da ilimin ƙasa da tarihi da ya koyo da Ingilishi a Kwalejin Kaduna, a gabansa kuma ga yara da iyayensu da ba su taɓa ganin teku ko kurmi ba, ana ce musu ƙasarsu ɗaya da mutanen can. Sai ya zuba ƙasar cikin baitoci, ya bi hanyar da mutanen yankinsa suka saba karɓar ilimi da ita tun zamanin Shehu. Malamin da ya daɗe yana tsayawa gaban ɗalibai ya san inda idanu ke mutuwa da inda suke wartsakewa, ya san misalin da ke shiga da wanda ke faɗuwa ƙasa. Wannan sani jari ne babba, kuma ana jin sa a littafi irin Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da ya fito a 1988, wanda bincike ne cikakke amma ɗan sakandare ma yana iya bin sa.

Akwai kuma wanda zafin abin da ke faruwa a ƙasa ne ke hana shi jira. Dakta Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Ahmadu Bello a kan tarihin Katsina, amma kafin kundin ya zama littafi a 1981, For the Liberation of Nigeria ya riga ya fito a 1979, wanda laccoci ne da rubuce-rubucen da ya yi wa jama'a. Daga baya shi da abokan tafiyarsa suka fitar da mujallar Analyst da 'yar'uwarta ta Hausa, Fitila. Walter Rodney ɗan ƙasar Guyana ma haka. Kundinsa a kan tarihin gaɓar Afirka ta Yamma ya fito a Okisfod a 1970, masana suka karanta. A 1972, yana koyarwa a Tanzaniya, ya fitar da How Europe Underdeveloped Africa ba tare da hashiya a ƙasan shafi ba, sai ɗan jerin abin karantawa a ƙarshen kowane babi, kuma wannan na biyun ne ɗalibai a Zariya da Kano da Sakkwato ke neman sa har yau. Irin wannan littafi yana da ƙarfi, yana kuma da haɗari, domin mai zafin rai yakan manta da hujjar abokin jayayya. Abin da ya tsare waɗannan biyun shi ne binciken da ke ƙarƙashin maganarsu. Wasu abokan aiki kan ce wanda ya rubuta wa jama'a ya bar ilimi ya koma ɗan jarida. Zargin yana da ƙamshin gaskiya a wuri guda kawai, wato inda mutum ya guje wa tacewar masana ya kai wa jama'a abin da bai nuna ba.

Ranar da masani ya zauna zai fara, tarkon farko shi ne ya buɗe kundinsa ya shiga yanka. Ba ya yiwuwa. Kundi yana farawa da abin da wasu suka faɗa, ya ɓoye abin da marubuci ya gano sai babi na huɗu, wanda ya sayi littafi da kuɗinsa kuwa ba zai jira babi na huɗu ba. Dole a rufe kundin, a tambayi kai: in aka ba ni minti goma bayan sallar la'asar in faɗa wa mutanen garinmu abin da na gano, da me zan fara? Amsar ita ce shafin farko. Bitar magabata, wadda ta ci wa mutum shekara guda, mai yiwuwa sakin layi biyu za ta koma, kuma rabuwa da ita akwai ciwo. Ba wanda ke son jefar da abin da ya sha wuya a kansa.

Sai zaɓen mai karatu. "Jama'a" ba mutum ba ce, ba a iya kallon fuskarta. Malamin firamare a Bodinga daban, ungozoma daban, malamin gona daban, limamin unguwa daban. A wuri irin Mandera kuma akwai wani abu da marubuci ke yawan mantawa: wanda littafin ya shiga hannunsa sau da yawa ba shi ne ƙarshen tafiyar ba. Ɗan sakandare ne zai karanta wa mahaifinsa da dare, ko malamar Islamiyya ta karanta wa mata, ko malamin gona ya ɗauko daga ciki a gindin bishiya. Don haka kowace jimla sai ta jure a karanta ta da murya. Wadda mai karatu zai yanke numfashi sau uku kafin ya kai ƙarshenta ta mutu. Gwajin da ya fi kowane shi ne a karanta babi ga wanda ba ya jin nauyinka. Ɗalibinka zai ce "Madalla, Malam" ko bai gane ba. Goggonka kuwa za ta katse ka ta ce, "Kai ɗan nan, faɗa mini da Hausa," alhali da Hausar kake karantawa. Inda duk ta katse ka, nan ne aikin yake.

An san labarin Stephen Hawking, masanin sararin samaniya na Kambirij, da aka gargaɗe shi cewa kowane lissafi da ya sa a littafinsa zai raba masu saye biyu, har ya bar guda ɗaya tak a A Brief History of Time na 1988. Kada masaninmu ya ɗauki wannan a matsayin tsoron alƙaluma. Manomi ya fi kowa lissafi. Ya san dami nawa gonarsa ke bayarwa, tiya nawa ke cikin buhu, kwana nawa tsakanin shuka da noman farko. Abin da yake buƙata a ba shi adadi da ma'aunin da yake aiki da shi. Haka zancen kalmomin fannu. An yi kwamitoci, an ƙirƙiro kalmomi, wasu sun zauna, wasu ba su fita daga takarda ba. Kalmar da aka ƙirƙira wadda ba wanda ya taɓa ji, baƙuwa ce kamar ta Ingilishi. Gara a kwatanta abin tukuna har mai karatu ya gan shi, sannan a raɗa masa suna. Harshen ba shi da laifi. Cheikh Anta Diop na Senegal, tun a 1954, ya sa bayanin ka'idar Einstein da harshen Wolof a cikin littafinsa don ya nuna cewa harsunanmu suna ɗauka.

Mafi wuya duka shi ne riƙon gaskiya yayin da ake sauƙaƙawa. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman tun 1999 don cutar da likitoci ke kira noma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Tana farawa daga dasashi, da jini da warin baki da kumburin kumatu, galibi ga yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana, cikin kwanaki kaɗan ta ci naman fuska. Idan aka kama ta da wuri magani yana tsayar da ita, idan aka bari mafi yawan yaran ba sa rayuwa. An rubuta maƙalu da yawa da Ingilishi daga binciken da aka yi a Sakkwato. Amma wadda za ta fara ganin alamar uwa ce ko kaka a ƙauye. Likitan da zai rubuta musu dole ya faɗi abin da za a duba da inda za a je da kuma cewa ba a kwana ana jira, ba tare da kwana-kwana ba. Amma kuma kada ya mayar da "wasu" ta zama "duka", kada ya rubuta adadin ƙwayoyi har ya buɗe ƙofar shan magani ba da likita ba. A nan ne horon nan na taka-tsantsan ke biyan kuɗinsa, domin shi ne ke bambanta littafin masani da takardar mai tallar magani a kasuwa. Abin da ake so ya ajiye shi ne lulluɓin nan na rubutun kare kai, ya fito fili ya ce: wannan mun tabbatar, wannan muna zato, wannan har yanzu ana bincike. Mutanen karkara sun san darajar malamin da ke iya cewa "Allahu a'alamu".

Zaɓen harshe kuwa kowa da niyyarsa. Wanda ya rubuta da Ingilishi mai sauƙi zai isa Abuja da Legas da Landan, kuma wani lokaci can ne masu yanke hukunci suke. Amma kada ya ce ya rubuta wa Mandera. A Hausar ma akwai rassa. Manya da yawa da ake lissafawa cikin marasa karatu suna karanta ajami ba gargada, shi ya sa kamfanin Triumph na Kano ya taɓa fitar da jaridar Alfijir da ajami. Ga kuma makiyayan da Fulatanci ya fi zama a kunnensu. Game da karin harshe, ra'ayina shi ne a bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutu don Bakano da Bamaraɗe su karanta, amma sunayen tsirrai da ƙasa da cututtuka a bar su yadda mutanen wurin ke faɗa.

Idan an gama rubutu, sai tambayar wa zai buga. Tsofaffinmu sun ci wani gata da muka rasa. A Zariya, daga Hukumar Talifi ta zamanin Rupert East, wadda gasarta ta 1933 ta fito da su Abubakar Imam, zuwa hukumar NORLA da ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 kafaɗa da kafaɗa da yaƙi da jahilci, zuwa kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, akwai edita. Mutum ne da aikinsa shi ne ya nemo mai ilimi, ya ce masa rubuta, ya mayar masa da rubutun ya ce ba a gane nan ba, sannan ya tabbatar littafin ya isa larduna. Yau masani shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai biyan maɗaba'a a Kaduna ko Zariya ko Ibadan, ya buga ɗari biyar ko dubu gwargwadon aljihunsa. Takarda daga waje ake shigo da ita, domin masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙata, faɗuwar naira daga 2023 kuma ta ƙara tsadar komai. Asusun TETFund yana tallafa wa malamai su mayar da rubutunsu littafi, amma idonsa a kan littattafan manyan makarantu yake.

Daga nan sai ƙaddamarwa. A kama zaure, a gayyato manya, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi kaɗan da kuɗi mai yawa. Ban ga laifin marubucin da ke son mayar da kuɗin maɗaba'a ba. Damuwata ita ce sau da yawa ranar ƙaddamarwa ita ce ranar ƙarshe da ake jin labarin littafin, sauran kwafin su koma kwali a ofis, domin ba a yi tunanin hanyar kasuwa ba, kuma farashin ya fi ƙarfin wanda aka ce don shi aka rubuta. A nan masani yana da abin koyo wurin marubutan Kano da jami'a ta daɗe tana muhawara a kansu, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu. Sun yi ƙananan littattafai masu araha, kashi-kashi, suka ba 'yan kasuwa, aka karanta su a rediyo, har suka shiga ɗakunan matan da ba su taɓa shiga kantin littafi ba. Masu baza littattafan addini a tabarma a ƙofar masallacin Juma'a da ranar kasuwa su ma sun san hanyar. Yau ga gidan Rediyon Rima da sauran tashoshi, ga WhatsApp da ke ɗaukar murya zuwa wayar wanda ba ya karatu. Babi guda da marubuci ya karanta da bakinsa zai iya riga littafin isa ƙauye.

Jami'a tana iya sauƙaƙa duk wannan ba tare da ta kashe kuɗi mai yawa ba. Majalisarta ce ke tsara ƙa'idojin ƙarin girma. Tana iya cewa littafin jama'a da aka gina a kan binciken malami, da Hausa ko Fulatanci, a tura shi ga masana biyu su tace ilimin, da mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta wa ya auna fahimta, in ya tsallake a ba shi maki na mutunci. Hukumomin ilimin manya da ma'aikatun gona da lafiya na jiha kuma su sayi kwafi su raba ta hannun ma'aikatansu da suka riga suna ƙauyuka.

Shi kuwa marubucin, ya shirya wa abin da kundi bai taɓa ba shi ba, wato gyara daga ƙasa. Mai jarrabawa daga waje bai san sunan fadamar ba, bai san wane sarki ya gaji wane a ƙaramin gari ba, bai san cewa irin geron da aka ambata an daina shuka shi a wannan yanki ba. Mutanen wurin sun sani, kuma da zarar an karanta musu za su faɗa. Saboda haka ya sa hanyar da za a same shi a bangon littafin, ya buga kaɗan a karon farko, ya ware kuɗin bugu na biyu tun kafin na farko ya fita daga maɗaba'a.